Jirgin da Ya Wuce Gida

A farkon shekarar 1959 wasu Turawan Ingila masu neman man fetur suka tsayar da motocinsu a gefen wani jirgin sama da ke kwance a tsakiyar hamadar Libiya, a wani shimfiɗaɗɗen fili na tsakuwa inda ko tsiro ɗaya babu. An riga an hango shi daga sama a shekarar da ta gabata, amma su ne suka fara isa wurinsa ta ƙasa. Jirgin yaƙin Amurka ne, irin manyan nan masu inji huɗu da ake kira B-24. Ya karye gida biyu, amma in ban da karayar nan sai ka ce jiya ya faɗo, don busasshiyar iskar hamada ba ta bar tsatsa ta ci shi ba. A cikinsa an tarar da bindigogi da harsasai, da rediyo wanda da aka gwada shi daga baya ya yi aiki, da abinci, da ruwa, da fulas wanda abin shan da ke cikinsa bai lalace ba. Babu gawa ko ɗaya, babu kuma laimomin da ake dirowa da su. A gefen hancinsa an rubuta sunansa, Lady Be Good.

A takardun sojan Amurka, jirgin nan ya kusa shekara 16 yana ƙarƙashin Bahar Rum. Inda aka same shi kuwa kilomita 710 ne kudu maso gabas da sansanin da ya tashi, can cikin tudu, inda ko ƙamshin teku ba ya kaiwa.

Mutum tara ne suka tashi da shi. Laftanar William Hatton, mutumin New York, shi ne matuƙi, Robert Toner kuma mataimakinsa. D. P. Hays ke riƙe da taswira da lissafin hanya, John Woravka ke da aikin sakin bam. Sauran biyar ɗin saje-saje ne: Harold Ripslinger mai kula da injuna, Robert LaMotte mai rediyo, sai masu bindiga uku, Guy Shelley da Vernon Moore da Samuel Adams. Samari ne sababbin zuwa. A tsakiyar watan Maris na 1943 suka iso Libiya, aka sa su a runduna ta 376 ta jiragen bam, wadda ke zaune a filin Suluk, kudu da Bengazi. Jirgin ma sabo ne fil. Amurka ta ƙera irinsa fiye da 18,000 kafin yaƙin ya ƙare, kuma a shekarun nan jiragen Amurka da na Ingila masu yawa da ake kaiwa Masar ta Kano da Maiduguri suka bi, su sha mai su wuce Sudan. Wasu B-24 sun yi fita hamsin, wasu fiye da haka. Shi wannan duk tarihin aikinsa fita ɗaya ce, ranar 4 ga Afrilu, 1943.

A lokacin an kori sojojin Jamus da na Italiya daga Libiya, sun tattaru a Tunisiya, kuma ta tashoshin jiragen ruwan Italiya ake kai musu kaya. Shi ya sa aka tura jirage 25 daga Suluk su kai hari tashar Napoli, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan teku. Bai kamata mai ba da labarin nan ya mance da abin da jirgin ya ɗauko ba. Bama-bamai ne, kuma Napoli birni ne cike da mata da yara da tsofaffi, yana cikin biranen Italiya da suka fi shan ruwan wuta a yaƙin. Tausayin da nake ji wa samarin nan tara bai shafe wannan ba. Sai dai ƙaddara ta sa nasu bama-baman ba su sauka a kan kowa ba.

Bayan azahar suka tashi, cikin guguwar rairayi. Rairayin ya shiga injunan jirage da dama, suka juya gida. Lady Be Good yana cikin na ƙarshen tashi, bai kuma taɓa cim ma ayarin da ke gaba ba. Ya isa yankin Napoli magariba ta yi, ba a ganin tashar, sai ya juyo, ya zubar da bama-bamansa a teku don rage nauyi, ya kamo hanyar gida shi kaɗai cikin dare.

Bayan ƙarfe 12 na dare da 'yan mintoci Hatton ya kira ƙasa ta rediyo. Ya ce na'urarsa ta gano hanya ba ta aiki, yana son a faɗa masa inda sansani yake. Tashar Benina da ke kusa da Bengazi ta saurari muryar jirgin, ta auna ta da eriyarta, ta ba shi lamba. Daga wannan amsa duk abin da ya biyo baya ya taso, don haka ya kamata a fahimci yadda na'urar take. Eriyar irin mai zobe ce, ana juya ta har a sami saitin da sautin yake fitowa. Abin da take ba ka layi ne miƙaƙƙe wanda ya ratsa ta kan tashar. Ba ta iya bambance ko mai maganar yana wannan gefen layin ko yana wancan. Jirgin da ke arewa maso yamma, bisa teku, yana tahowa, da jirgin da ya riga ya wuce yana kudu maso gabas, bisa hamada, yana ƙara nisa, duk abu ɗaya eriyar za ta nuna a kansu.

Kamar matafiyi ne da dare ya kama a hanya, ya kira wani ya ce, "Wannan ce hanyar garinku?" a ce masa, "Ita ce, miƙe kawai." Ba a yi masa ƙarya ba. Amma da wanda bai iso garin ba da wanda ya wuce shi cikin duhu, duk a kan hanyar suke.

Su kuwa a ransu ba su iso ba. Iska mai ƙarfi ta turo su daga baya, ta rage musu tsawon tafiyar fiye da yadda suka lissafa. A Suluk an ji ƙarar jirgi ya gifta ta sama, an harba wutar alama, ba su gani ba. Da dare, daga can sama, shimfiɗar hamada da shimfiɗar teku kusan kamanninsu ɗaya. Suka miƙe a kan layin da aka ce musu daidai ne, suna zuba ido su ga gaɓar teku a gabansu, alhali gaɓar tana bayansu tana ƙara nisa. Haka suka yi ta tafiya kusan awa biyu. Wajen ƙarfe 2 na dare mai ya ƙare, injuna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai suka ɗaura laimominsu suka diro, kowa sanye da rigar hana nutsewa a ruwa.

Rigar nan ita ce abin da na fi tsayawa a kansa a duk labarin. Ita ce shaidar cewa har lokacin da suka saki jirgin, zaton da suka ɗauka tun tsakar dare bai girgiza ba. Awa biyu suna kallon agogo yana wuce lokacin da ya kamata a ce sun sauka, mai yana raguwa a ma'auni, amma duk abin da suka gani sai suka fassara shi da zaton farko: har yanzu muna bisa ruwa, iska ce ta riƙe mu. Akwai hanyoyin da masu lissafin hanya suka sani na warware irin wannan ruɗani. Ana iya neman awo na biyu daga wata tashar dabam, inda layukan biyu suka haɗu nan kake. Ana iya karkata jirgin gefe na ɗan lokaci a sake neman awo, a ga ta ina lambar ta sauya. Akwai kuma taurari. Littafin lissafin Hays da aka samu a cikin jirgin ya tsaya ne tun a wajejen Napoli. Ban faɗi wannan don in ɗora masa laifi ba. Saurayi ne a fitarsa ta farko, ya yi awa goma sha ɗaya cikin sanyi da ƙarar injuna da fargaba, kuma ƙasa ta riga ta ba shi amsar da ta yi daidai da abin da yake fata. Da wuya mutum ya sake bincikar amsar da ta kwantar masa da hankali, ko da yana cikin hutu, balle a gajiye.

Jirgin da suka bari bai kama da wuta ba. Ya ci gaba shi kaɗai da sauran injin da ke juyawa, ya yi kamar kilomita 26 zuwa kudu, ya sauka da cikinsa a kan tsakuwa, da ruwansa da abincinsa da rediyonsa.

Da ƙafafunsu suka taɓa ƙasa maimakon ruwa, suka yi ta harba ƙananan bindigogi da wutar alama don su gano juna cikin duhu. Mutum takwas suka haɗu. Woravka bai zo ba, kuma ba su taɓa sanin dalili ba: laimarsa ce ba ta buɗe sosai ba, ya rasu nan take. Su takwas ɗin suka duba abin da ke hannunsu. Ruwa dai rabin gora ɗaya ce tak. Suka yanke shawarar su nufi arewa maso yamma, wajen teku.

A nan zaton farko ya sake shigowa ta wata ƙofa. Sun yarda yanzu cewa sun wuce sansani, amma a ganinsu ɗan wucewa ne, irin wanda ƙafa za ta iya gyarawa cikin 'yan kwanaki. Tsakaninsu da gaɓar teku kuwa akwai fiye da kilomita 600, kuma a tsakiya akwai tekun rairayi na Kalanshiyo, tuddai bisa tuddai. Mutane da yawa sun ce da kudu suka nufa, da sun tarar da jirgin cikin yini ɗaya ko biyu. Mai yiwuwa haka ne, amma mai faɗa yana faɗa ne bayan ya ga taswirar da su ba su gani ba. Jirgin da aka bari ba matuƙi yawanci ragargajewa yake yi ya ƙone, kuma babu abin da ya nuna musu cewa nasu zai bambanta. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne, kowane taku da suka yi zuwa arewa ya ƙara raba su da abu ɗaya tilo a duk faɗin hamadar da zai iya kai muryarsu ga masu ceto.

Yadda suka yi tafiyar kuwa abin girmamawa ne. Suka tsara rabon ruwan: kowane mutum cikin murfin gora ɗaya a yini. A tuna girman murfin gora, a kuma tuna zafin hamada a watan Afrilu da sanyinta na dare. Mutum takwas, kowa da bindiga ko ƙarfin damtse, ƙishirwa na cin su, amma rabon nan ya riƙe su kwana da kwanaki. Suka ci karo da tsohon sawun motocin soja da ya nufi inda suke so, suka bi shi. Suna tafe suna ajiye alama: manyan takalman jirgi da suka yi musu nauyi, a jera su kansu na nuna inda suka nufa, ƙyallen laima a yanka shi siffar kibiya a danne da duwatsu, rigunan hana nutsewar nan su ma aka ajiye su a hanya. Duk wanda ya yi wannan yana da yaƙinin cewa ana nemansa, kuma bai son ya wahalar da mai neman. A 1959 ayarin sojan Amurka daga sansanin Wheelus da ke kusa da Tarabulus suka tarar da alamun nan a inda aka ajiye su, suka yi watanni suna bi, ba su sami kowa ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne ba su zaci mutum mai irin wannan ƙarancin ruwa zai yi nisan da waɗannan suka yi ba.

A watan Fabrairu na 1960 ma'aikatan mai suka ci karo da gawa biyar wuri ɗaya, a bakin tuddan rairayi: Hatton, Toner, Hays, LaMotte da Adams. Sun yi tafiyar kusan kilomita 130 a ƙafa. A wurin aka sami ɗan littafin aljihu na Toner, wanda ya riƙa rubuta layi biyu ko uku kowace rana har zuwa 12 ga Afrilu. Babu dogon zance a ciki. Zafin rana, sanyin dare da ke hana barci, iska da rairayi, idanun LaMotte da suka daina gani, addu'a, da rashin ganin jirgin ceto. A rana ta biyar mutum biyar ƙarfinsu ya ƙare, sai uku da ke da sauran kuzari, Shelley da Ripslinger da Moore, suka ci gaba don su nemo taimako. A watan Mayu na 1960 aka sami Shelley da Ripslinger, kowannensu ya ƙara fiye da kilomita 30 cikin tsakiyar rairayin. Shi ma Ripslinger ya bar nasa ɗan rubutun. A watan Agusta aka sami Woravka, a kusa da inda suka diro.

Mu mutane ne masu yabon haƙuri da juriya, kuma yabon yana kan hanya. Amma na kan ji tsoron yadda muke ɗauka cewa juriya ita kaɗai tana isar da mutum. Waɗannan samari babu abin da suka rage na juriya. Sun yi biyayya ga shugabansu, sun yi adalci a rabon ruwa, masu ƙarfi sun fita nema wa marasa ƙarfi. Duk wannan alheri an zuba shi ne a kan lissafin da ya karkace tun ƙarfe 12 na dare, kuma babu yawan ƙoƙarin da zai miƙar da shi, don ƙoƙari ba ya tambayar ina muke. Sai wani ya tsaya ya yi tambayar da kansa, kuma yawanci lokacin da ya fi dacewa a yi ta shi ne lokacin da kowa ke ganin babu buƙata.

Ba su kaɗai suka riƙe zaton ba, wannan ma abin lura ne. Mai eriya a Benina ya ɗauka jirgin da ke dawowa daga Italiya dole ta teku yake. Jiragen da aka tura nema washegari bisa teku da bakin gaɓa suka fi zagayawa, a daidai lokacin da mutum takwas ke jera takalma a hamada don su gan su. Ofisoshin soja suka rubuta cewa jirgin ya faɗa Bahar Rum, aka sanar da iyaye da matan aure haka, suka yi makokinsu a kan wannan. Runduna ta 376 ta ci gaba da yaƙinta, a ranar 1 ga Agusta na shekarar ma tana cikin waɗanda suka kai babban harin nan kan matatun mai na Ploesti a Romaniya, inda aka yi asarar jirage da mutane masu yawa, har ɓatan jirgi ɗaya a watan Afrilu ya zama ƙaramin layi a cikin doguwar takarda. A duk jerin mutanen nan babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi ha'inci. Kowa ya karɓi zaton daga hannun na gabansa ya yi aikinsa a kai da gaskiya. Yawan masu yarda da abu shi ya sa babu wanda ya ga dalilin dubawa, har sai da masu neman mai, waɗanda ba ruwansu da labarin, suka bi ta wurin don wata buƙatarsu.

Hamadar nan ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce dai wadda fatake suka ratsa shekaru aru-aru tsakanin Kano da Tarabulus, kuma ba su taɓa shigarta ba sai da jagora wanda ya san rijiyoyi da taurari. Ita ce kuma wadda 'ya'yanmu ke ratsawa yau a bayan motoci daga Agadas, wasu ta Dirku zuwa Libiya, wasu ta Arlit zuwa Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. An same su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, kowa ya nufi inda yake zaton akwai ruwa. Masu sanin hamada kan ce kada a rabu da mota, don mai nema ya fi saurin ganin mota a kan ganin mutum. Shawarar tana da amfani ne kawai idan akwai mai neman, kuma idan yana nema a inda ya dace. Samarin Lady Be Good suna da babbar ƙasa a bayansu, da jirage da rediyo, amma aka neme su a inda ba sa nan. Namu da yawa ko sunansu babu a wata takarda, balle a tashi jirgi dominsu.

Gawawwaki takwas ɗin da aka samu an mayar da su Amurka a 1960, aka gyara abin da aka rubuta a kansu. Vernon Moore ba a same shi ba, sojoji kuma suka rufe binciken. An kwashi wasu sassan jirgin zuwa Amurka don a ga yadda shekarun hamada suka yi da ƙarfe da roba da mai. Wasu suna gidan tarihin sojan sama da ke Dayton a jihar Ohio, farfela ɗaya kuma an kafa ta a Lake Linden, garin su LaMotte a jihar Michigan. Gangar jikin ta zauna a wurinta, masu wucewa na ɓallar abin da suka ga dama su tafi da shi, har 1994 da hukumomin Libiya suka kwashe abin da ya rage suka kai Tubruk.